Fentin Artisan na Winsor & Newton a Hannun Mai Zanen Shimfiɗar Ƙasa da Zai Je Baje Koli a Ƙetare

Mai zanen shimfiɗar ƙasa da aka gayyata zuwa baje kolin zane-zane a wata ƙasa yakan tarar cewa zaɓen zanen da zai kai ya fi sauƙi a kan zaɓen kayan aikin da zai tafi da su. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin tarurrukan da ake shirya wa masu wannan fanni ba su tsaya ga rataye aikin da aka gama a gida ba. A bikin Art in the Open da ake yi a Wexford ta ƙasar Ailan, da Plein Air Easton da ake yi a jihar Maryland ta Amurka, masu zane kan fita fili ne su yi kwanaki suna zana bakin teku da gonaki da tituna a gaban idon jama'a, sannan a rataye abin da suka yi a ƙarshen mako. A irin waɗannan gasa akan buga hatimi a bayan allo ko ƙyalle tun yana fari, don a tabbatar cewa ba daga gida aka zo da aikin ba. Ko a baje kolin da ake aika zane a cikin akwati ma, ba abin mamaki ba ne a buɗe a ga gefe ya ɗan goge, ana bukatar mai shi ya taɓa wurin kafin a buɗe ƙofa. Ta kowace fuska dai fenti sai ya hau jirgi tare da mai shi, kuma saboda wannan bukata ce masu zane da yawa suke waiwayar fentin Artisan, fentin mai da ake iya tsinkawa da ruwa.

Kamfanin da ke yin sa tsoho ne a wannan sana'a. William Winsor, masanin haɗa sinadarai, da Henry Newton, mai zane, su suka kafa shi a Landan a 1832, kuma yana cikin waɗanda suka fara sayar da fenti a cikin tiyub na ƙarfe mai matsewa bayan da Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro shi a 1841. Kafin wannan lokaci a cikin mafitsarar alade ake ɗaure fentin mai, a huda ta a matso, abin da ya sa fita daji da cikakkun launuka ya zama wahala. Tiyub ɗin nan ne ya sauƙaƙa wa masu zanen dajin Fontainebleau na Faransa, da su Monet, mai zanen nan Bafaranshe, a bayansu, ɗaukar aikinsu zuwa gindin bishiya da bakin kogi. Artisan, wanda ya fito a cikin shekarun 1990, ƙoƙari ne na raba matafiyi da wani nauyin kuma, wato kwalbar tarfentain, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fentin mai da wanke buroshi da shi.

Ya kamata a fahimci abin da fentin yake tun da farko, domin ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Fentin mai ne na gaskiya, an niƙa garin launi a cikin man linsid ko man safulawa, waɗanda duka man tsiro ne, sai dai an sarrafa man yadda zai yarda ya haɗu da ruwa maimakon ya guje shi. Babu ruwa a cikin tiyub ɗin. Idan mai zane ya sa ruwa, ruwan ne zai fara tashi ya bar man, daga nan man ya bushe kamar yadda kowane fentin mai ke bushewa, ta hanyar shan iska sannu a hankali har ya daskare ya zama fata. Da zarar ya bushe ruwa ba ya narkar da shi. Launukansa 40 ne, ana samun su a tiyub mai mililita 37, waɗanda aka fi ci kuma akwai su a babba mai mililita 200, kuma an kasa su aji biyu bisa tsadar garin launin da ke ciki.

Babbar fa'idarsa a filin jirgin sama take bayyana, amma a nan ma akwai abin da 'yan talla ba su cika faɗa ba. Dokokin jigilar kaya masu haɗari sun ɗauki duk wani ruwa da tururinsa ke iya kama wuta a zafin digiri 60 na ma'aunin Salshiyos ko ƙasa da haka a matsayin mai cin wuta, ba a yarda fasinja ya sa shi a jakar hannu ko a akwatin da za a auna ba. Tarfentain yana kamawa a wajen digiri 35, saboda haka haramtacce ne, haka ma tina, wato sinadarin tsinka fenti, da yawancin banish, ruwan kariya da ake shafa wa zanen da ya bushe. Shi kuwa fentin mai na cikin tiyub, kowane iri ne, man tsiro ne da gari, kuma hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta bayyana cewa fentin masu zane da ba ya cin wuta ana iya tafiya da shi. Ke nan Artisan bai fi sauran fentin mai samun izinin hawa jirgi ba. Inda ya yi musu zarra shi ne, wanda ya ɗauke shi ba ya bukatar abin da aka hana. Mai fentin gargajiya idan ya sauka sai ya nemi shagon kayan zane a garin da bai sani ba, wataƙila a ranar da shaguna ke rufe, ya sayi kwalba guda, ya yi amfani da kaɗan, sannan ya rasa inda zai kai ragowar ranar komawa, tunda ba a zuba ta a magudanar ruwa kuma ba a shiga jirgi da ita. Mai Artisan famfo kawai yake nema da ɗan sabulu.

Duk da haka ba a zuwa wurin bincike hannu rabbana. Hikima ita ce a buga takardar bayanin lafiyar kaya da kamfanin ke wallafawa a shafinsa na intanet, a naɗe ta tare da fentin a cikin leda mai rufewa, domin jami'in da ya ga tarin tiyub na ƙarfe a na'ura yana da hakkin tambaya, kuma kalmar fenti kaɗai takan sa ya tuna da na gini mai cin wuta. Kowace kwalbar mai ko ta tsinkawa da ke cikin jerin Artisan ita ma a nemi tata takardar, kada a ɗauka cewa ta fentin ta wadatar. A yawancin filayen jirgi har yanzu ba a wuce mililita 100 a kowane mazubi a jakar hannu, saboda haka ƙananan tiyub za su shiga, babban tiyub na fari mai 200 kuwa sai akwatin ƙasa, tare da wuƙar haɗa fenti.

Fa'ida ta biyu tana ɗakin otal. Wanda ya taɓa kwana da ɗanyen zane huɗu ko biyar a ɗaki mai taga ɗaya ya san abin da warin tarfentain ke yi wa kai da ƙirji, kuma ya san irin kallon da masu gyaran ɗaki ke yi masa. Artisan yana da ɗan ƙanshin mai, iyakarsa ke nan. Sai dai rashin wari bai mai da shi abin wasa ba: tsumman da ya sha man linsid yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama wuta idan aka dunƙule shi a kwandon shara, kuma ruwan da aka wanke launukan kadmiyam da kobalt a ciki bai kamata a watsa shi a rafin da aka gama zanawa ba.

Da an fara shafa shi ake gane cewa wannan sauƙi ba a kyauta ya zo ba. Fentin yana fitowa daga tiyub da ɗan tauri, kuma yana da danƙo a ƙarƙashin buroshi fiye da fentin ƙwararru na wannan kamfani, wanda ke tafiya sumul. Sabon shiga idan ya ji wannan danƙo sai ya kai buroshi cikin ruwa, tunda an ce masa fentin na ruwa ne, alhali a nan matsalar take somawa. Ruwa yana sa launi ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, sai bayan ya tashi launin ya koma duhunsa na asali. Ga mai zanen fuska a ɗaki wannan ƙaramin abu ne, yana iya jira. Ga mai zanen shimfiɗar ƙasa kuwa babbar illa ce, domin dukan aikinsa ya rataya ne a kan auna haske da duhu cikin gaggawa: yadda dutsen nesa ya fi na kusa haske da shuɗi, yadda inuwar gajimare ta fi ƙasar da ke kewaye da ita duhu da ɗan kaɗan, yadda sama ke yin fari a inda ta haɗu da ƙasa. Rana ba ta ba shi fiye da sa'a biyu kafin inuwa ta juya, kuma idan launin da ya aza zai sauya bayan minti goma, to ma'auninsa ya lalace ba tare da ya sani ba. Ban da haka, yayin da ruwan ke tashi fentin yakan ƙara kama buroshi, ya ƙi bajuwa, musamman a rana mai zafi da iska.

Maganin wannan yana cikin jerin kayan kamfanin, kuma a ganina ba a jaddada shi yadda ya kamata. Akwai ruwan tsinkawa na musamman na Artisan wanda ba ya saurin tashi kamar ruwan famfo kuma ba ya sauya launi sosai, akwai man linsid da na safulawa da aka sarrafa don wannan fenti, akwai kuma mai sa saurin bushewa. Wanda ya tsinka shafen farko da ruwan tsinkawar, ya ci gaba da ɗan mai a shafe na gaba, ya bar ruwan famfo don wankin buroshi kawai, zai samu fenti mai biyayya da ba ya ba da kunya. Tsohuwar ƙa'idar nan ta cewa shafen sama ya fi na ƙasa maiƙo tana nan daram, in ba haka ba fatar sama ta bushe kafin ta ƙasa ta tsage. Buroshi ma sai an sauya shi, domin na gashin alade da aka saba da shi a fentin mai yana kumbura ya yi laushi idan ya daɗe a ruwa, shi ya sa kamfanin ya fitar da na gashin roba mai tauri da sunan Artisan, kuma kowane na roba mai ƙarfi zai yi aikin.

Game da launuka, 40 sun ishi mai zanen fili, wanda da wuya ya matsa fiye da takwas ko goma a allon haɗawa. Launukan ƙasa, wato rawayar ƙasa da ja-ja mai kama da ƙonanniyar laka da ruwan ƙasa mai duhu, su ne suka fi gamsar da ni, domin garinsu ba mai tsada ba ne, ba a yi musu rowa ba, kuma su ne ƙashin bayan zanen tudu da hanya da kututture. Shuɗin altiramarin, mai lamba PB29 a jikin tiyub, yana da kyau ga sama da inuwa. Inda ake bukatar lura shi ne launukan da aka rubuta musu alamar cewa kwaikwayo ne, wato an haɗa garuruwa masu araha don su yi kama da kobalt ko kadmiyam. A kan allo ba a rarrabe su da na asali, amma da an zuba musu fari sai halinsu ya fito, na kwaikwayon ya yi kaifi ko ya mutu. Shuɗin kobalt na gaske, PB28, shi ke ba da wannan laushin na sararin nesa, kuma yana cikin aji na biyu. Wanda zai rataye aikinsa kusa da na ƙwararru daga ƙasashe goma bai kamata ya yi tsimi a nan ba.

Kore shi ne jarrabawar kowane fentin shimfiɗar ƙasa. Koren da ke fitowa daga tiyub, musamman mai lamba PG7, yana da ƙarfin da babu ganyen da ya kai shi, kuma kaɗan daga cikinsa yana mamaye duk abin da ya taɓa. Gwanaye sukan haɗa nasu daga rawaya da shuɗi, su karya shi da ɗan ja, yadda ciyawar da rana ta buga za ta bambanta da ganyen da ke cikin inuwa. A wannan haɗi ne ake jin cewa garin launin Artisan bai kai na fentin ƙwararrun kamfanin yawa ba, wanda launukansa suka haura 100. Rawayarsa takan bukaci a ƙara ta kafin ta rinjayi shuɗi, kuma haɗin launi uku ko huɗu yana saurin komawa toka-toka. A ƙaramin allo da aka gama a zama ɗaya wannan ba ya fitowa fili, wani lokaci ma tausasawar tana taimakon zanen hazo da safiya. A babban ƙyalle mai faɗin mita ɗaya da rabi, ƙarƙashin fitilun zauren nuni, ido mai gogewa zai iya ganin bambancin.

Akwai kuma ruwan sama. Fentin mai na gargajiya yayyafi ba ya damunsa sosai, ɗigon yakan tsaya a kansa a girgiza allon ya zube. Wanda aka yi don ya haɗu da ruwa kuwa ba ya tambayar daga ina ruwan ya fito, yayyafi na iya sa shi ya yi dabbare-dabbare ko ya zubo muddin ɗanye ne. Wanda zai je zane a gaɓar Ailan ko Holan, inda sama ke sauya fuska sau da yawa a yini, lema mai maƙalawa a jikin madogarin allo ta zama masa dole.

Batun bushewa shi ya fi shafar ranar buɗe baje koli. Kamfanin ya ce siririn shafe yana bushewa yadda za a iya taɓa shi tsakanin kwana 2 zuwa 12, gwargwadon launi. Ruwan ƙasa mai duhu yana saurin kamawa saboda manganis da ke cikinsa, fari da kadmiyam kuwa suna jan ƙafa, kuma abin takaici fari shi ne rabin kowace sama da kowane gajimare. Zanen da aka yi ranar Laraba galibi za a rataye shi ɗanye ranar Asabar. Masu shirya irin wannan gasa sun saba da haka, firam mai ɗan zurfi yana kare fuskar zanen, amma wanda bai sayar ba sai ya yi tunanin yadda zai komo da shi, ko dai a akwati mai ramuka da ke raba alluna, ko a haɗa biyu fuska da fuska da ɗan toshe a kowace kusurwa. Man nan mai sa saurin bushewa yana rage jiran ƙwarai, kuma ina ganin bai kamata a bar shi a gida ba. Wanda saurin bushewa ya fi masa komai muhimmanci zai ga fentin Griffin na wannan kamfani yana kamawa cikin kamar yini guda, sai dai shi yana komar da mutum ga tina. Banish na ƙarshe kuwa, a kowane hali, sai bayan wata 6 zuwa 12, don haka aikin da aka yi a wurin taro ba shi da rabo a ciki.

Gyaran zanen da aka aiko daga gida wani batu ne dabam. Al'adar taɓa zane a bango kafin buɗewa tsohuwa ce. A baje kolin Royal Academy, ƙungiyar masu zane ta Landan, na 1832, mai zanen Ingila Turner ya shigo ya ɗiga jan fenti a tsakiyar tekunsa mai toka-toka, wanda ke rataye kusa da zanen gadar Waterloo na takwaransa Constable, daga baya ya mai da ɗigon alamar da ke yawo a kan ruwa. Mai zanen yau ba a ba shi wannan dama sosai, iyakarsa ya rufe ƙarzuwa a gefe. Artisan yana zama a kan busasshen fentin mai na gargajiya, saboda haka ƙananan tiyub biyar ko shida sun isa wannan aiki. Sharaɗin shi ne kada a sa ruwa, domin zai tattare a kan fuska mai maiƙo, kuma kada a shafa a kan banish, domin ranar da mai gyaran zane ya zo cire banish ɗin gyaran zai bi shi. Idan lahanin ya wuce ƙarzuwa, a ɗauki hotonsa a nuna wa masu shirya taron da kamfanin inshora kafin a kai hannu.

Masu sayen zane sukan tambayi ko wannan fenti zai daɗe. Amsar gaskiya ita ce, garin launin iri ɗaya ne da na sauran fenti, kuma kamfanin yana rubuta matsayin jure haske na kowane launi a jikin tiyub, amma man da aka sarrafa shekarunsa kusan talatin ne kawai a duniya, alhali zanen mai na Jan van Eyck na 1434 yana nan a Landan ana kallonsa. Wannan ba hujja ce ta cewa zai lalace ba, shaida ce dai ba ta taru ba tukuna. Rubuta "fentin mai a kan ƙyalle" a takardar baje koli daidai ne, kuma idan mai saye ko gidan adana zane ya nemi ƙarin bayani, faɗa masa ainihin irin fentin zai taimaki wanda zai kula da zanen nan gaba.

Artisan ba shi kaɗai ne a kasuwa ba. Cobra na kamfanin Royal Talens na Holan ya fi shi laushi daga tiyub, Duo Aqua na Holbein na Japan kuma ya fi shi yawan launuka da ƙarfin gari, da tsada. Akwai ma masu tafiya da fentinsu na gargajiya ba tare da tarfentain ba sam, suna goge buroshi da man tsiro da tsumma sannan su wanke da sabulu, hanyar da ke aiki ga mai haƙuri. Abin da ya riƙe Artisan a gaba shi ne samuwa: shagunan kayan zane a manyan biranen duniya da wuya a rasa shi, kuma wanda farinsa ya ƙare a tsakiyar mako a baƙon gari ya san darajar wannan.

Hukuncina shi ne, babban zanen da za a tura a akwati watanni kafin taro, wanda sunan mai shi zai rataya a kansa, a yi shi a gida da fentin ƙwararru, a ba shi lokacinsa ya bushe a yi masa banish. Aikin fili na kwanakin taro da ƙananan gyare-gyare kuwa Artisan ya isa, muddin an sayi kobalt da kadmiyam na gaske, an haɗa da ruwan tsinkawarsa da man saurin bushewa da buroshin roba. Wanda bai taɓa amfani da shi ba ya yi zane biyar ko shida da shi a gida kafin tafiya, har hannunsa ya saba da danƙon, ya kuma gane yadda farin ke bushewa a kaurin da ya saba shafawa, domin a kan wannan ne zai tsara wace rana zai zana sama mai gajimare, wace rana kuma zai bar wa tudu da bishiyoyi masu saurin kamawa.